Dodannin Baba Dachung a Cikin Roba

A bene na huɗu na wani dogon gidan haya a garin Silver Spring na Amurka, inda ake jiyo wucewar jirgin ƙasa na Metro ta taga, akwai wani dattijo mutumin Bukuru da ake kira Baba Dachung. 'Yan cocinsu sun san shi da abu biyu: ba ya makara, kuma yana tara fostocin finafinan Japan na da, irin waɗanda ake zana ƙaton dodo yana tattake gari, wani ƙaton jarumi kuma ya sha gabansa. Na farkon ana yaba masa. Na biyun kuwa sai dai a yi murmushi a ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Abin ya faro ne tun yana saurayi a Jos, yana koyon aiki a wata maɗaba'a da ke buga katin biki da kalandar coci. Hanyarsa ta komawa gida ta gaban wani gidan silima take bi. Yawanci fostocin Indiya ne a bangon, sai na 'yan Cana masu faɗa. Wata rana ya tarar da wata daban: wani mutum cikin sulken tagulla, ya fi bene tsawo, ya shaƙe wuyan wata dabba mai kama da damo, ƙarƙashin ƙafafunsu kuma ga 'yan mitsi-mitsin mutane suna gudu. Rubutun jikinta daga sama yake gangarowa ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Da yake ɗan maɗaba'a ne, sai ya kai hannu ya murza gefenta. Bai taɓa jin takarda irinta ba, siririya amma ba raggo ba. Fim ɗin ma bai shiga ya gani ba, kuma da ya sake biyowa an riga an lulluɓe ta da wata.

Ya auri Talatu, suka haifi 'ya ɗaya, Debbie. Tana 'yar firamare cacar biza ta faɗo kansu, suka taho Amurka. Dachung ya sami aiki a ɗakin buga takardu da ke ƙarƙashin wani ginin gwamnati a Southwest Washington, ɗakin da ba taga, kuma a nan ya zauna har ya yi ritaya. Talatu kuwa tana bin gidaje tana kula da tsofaffi. A wata kasuwar tsofaffin kaya ta ƙarshen mako ya sake cin karo da irin takardar nan, a cikin kwalin wani Bature mai sayar da tarkace. Ba ita ce ta Jos ba, amma yana murza gefenta ya san 'yar gidansu ce. Ya saye ta. Daga nan fa sai wata ta jawo wata. Da Debbie ta girma ta koya masa nema a intanet, ya san ranakun da masu tara irin wannan kaya suke haɗuwa, ya riƙa hawa jirgi da bas yana zuwa da ƙunshin abincinsa. Wurin aikinsu suka tashi jefar da wata durowa mai faɗi, irin ta masu ajiye taswira, ya roƙa aka ba shi. A ciki yake shimfiɗa su ɗaya kan ɗaya, tsakanin kowace biyu da farar takarda mai laushi.

Ba ya karanta Japananci, kuma bai taɓa damuwa ya koya ba. Shi ya raɗa musu sunaye da kansa: Mai Tagulla, Damon Tasha, Uwar Kunamu, Sarkin Hayaƙi, Ɗan Autan Teku.

Talatu ba ta taɓa tsayawa ta kalle su da kyau ba. A wurinta duk ƙadangaru ne.

"Baban Debbie," takan ce, "sa'o'inka na tara filaye a Rayfield can Jos, kai kana tara aljanu. Ranar komawa gida su za ka hau?"

"Maman Debbie, ki bar yarana. Tunda suka zo gidan nan kin taɓa jin sun ce a ƙara musu miya?"

"Da sun ce ma da na ji daɗi, in san akwai mai yaba girkina."

Haka suke tsokanar juna shekara da shekaru. Amma ko shara take yi ba ta bari tsintsiya ta doki ƙafar durowar.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa kafin ya kai ga idanu. Na hagu ya fara tafiya. Na dama ya rage, amma kamar mutum yana leƙe ta cikin ruwan koko. Da ya ga inda aka dosa, bai yi ƙorafi ga kowa ba, sai ya shiga koya wa hannunsa abin da idonsa ya sani. Kowace Asabar bayan karin kumallo zai wanke hannu da sabulu, ya goge sosai, ba ya shafa mai, sannan ya ja kujera gaban durowa ya rufe ido da gangan.

Kowace fosta da tabonta. Damon Tasha an taɓa ninke ta gida huɗu, layin ninkin har ya yi laushi kamar tsohon zani. Uwar Kunamu tana da ramukan ƙusa a kusurwa uku, ta huɗun ta gutsire. Sarkin Hayaƙi baƙin tawadarsa ya yi kauri, yatsa na jin inda hayaƙin ya fara da inda ya ƙare. Wata tana da tabon gam a baya, wata tana warin tsohon sito. Da zarar yatsansa ya sami tabon, sai hoton gaba ɗaya ya tashi a kansa da launinsa, har 'yan mutanen da ke gudu a ƙasa. Ya taɓa ce wa Debbie, wadda ta zama nas, "In Ubangiji ya karɓi ɗayan idon ma, ba komai. Na riga na kwashe kayana na kai hannu." Talatu ba ta wurin da ya faɗi haka. Ita abin da take gani daga ƙofar kicin shi ne tsoho yana lalube a kan takardu masu rauni.

Wata Asabar kuwa hannun rigarsa ya kama gefen Ɗan Autan Teku, kusurwar ta ɗan yage. Ƙarar ba ta fi ta ɓare gyaɗa ba, amma Talatu ta ji, ta kuma ga fuskarsa. Yinin ranar bai ci abin kirki ba.

Abin ya tsaya mata a rai. Ta tuna shekarar da iska ta yaye kwanon ɗakinsu a Bukuru, ruwa ya cika akwati, duk takardunsu suka zama kunu. Abin da ya tsira kawai takardar aurensu ce da ta haihuwar Debbie, don su an yi musu lamineshin, wato an sa su tsakanin roba biyu an gasa da na'ura. Tun daga ranar, duk takardar da Talatu ta ɗauka da daraja sai ta kai an rufe ta da roba: takardar baftisma, hoton mahaifiyarta, katin zumuntar matan coci. Haka kowa yake yi can gida. Abin da ba a damu da shi ba shi ake bari tsirara.

Likita ya ce za a gwada aiki a idon dama, kuma bayan aikin dole ya kwanta rub da ciki na kwanaki. Debbie ta ce gidanta da ke garin Clinton za ta kai shi, inda za ta sa masa ido. Talatu tana zuwa tana dawowa. A nan ne ta ga dama ta samu. Ta kira Raymond, wani mutumin Kafanchan mai shagon buga allunan taron coci da takardun jana'iza, ya zo da motarsa suka kwashe durowar tas.

"Ka yi a hankali fa," ta ce masa. "Ran maigidana ne a nan."

"Mama, kin zo inda ya dace. Roba mai kauri zan sa. In na gama, ko a kogin Potomac aka jefa su, kifi ne kawai zai sha kallo."

"Waɗannan gefunan da suka ci, fa?"

"Zan daidaita su. Duk wani yage-yage da ramin ƙusa zan datse. Baba zai ɗauka jiya aka buga su."

Raymond bai yi ƙarya ba, ya yi aiki tsakani da Allah. Zafin na'urar ya shafe kowane ninki. Ya datse gefuna suka yi sak, ya zagaye kusurwoyi don kada su soki tsoho. Fararen takardun tsakani kuwa Talatu ta ga ba su da sauran amfani, ta zubar. Ta jera fostocin a durowa suna ƙyalli, ta tsaya tana kallo, har ta ce a ranta ashe ma ƙadangarun nan suna da kyau.

Aikin ido bai yi ba. Da aka cire bandeji, haske da inuwa kawai Dachung yake bambancewa. Likita ya yi ta zagaye-zagaye da magana, shi kuwa ya ce ya gode, Allah ya saka. A mota Debbie tana tuƙi tana share hawaye, shi ne ma yake ba ta haƙuri. Ta sauke shi da Talatu a ƙofar gida ta wuce wurin aiki.

Yana shiga ya ce, "Kai ni wurin famfo in wanke hannu. Zan gaida yarana."

"Ka huta mana tukuna. Ga gwate na dafa."

"Gwate ba zai gudu ba."

Talatu ta kai shi, tana danne murmushi. Ya wanke, ya goge, ya zauna, ya ja durowa. Ya kai hannu a hankali yana neman farar takardar sama. Yatsunsa suka sauka a kan wani abu mai sanyi da santsi. Ya janye hannun. Ya sake kaiwa, ya bi gefe har kusurwa, ya ji ta a zagaye. Ya ɗaga ta farko, ta yi ƙara kamar faranti. Ya taɓa ta biyu, ya taɓa ta uku. Ya zura hannu can ƙasa ya jawo wata, ya kai hanci.

"Maman Debbie, mene ne wannan?"

"Lamineshin na sa aka yi maka!" Muryarta cike da murna. "Dukansu, ko ɗaya ban bari ba. Yanzu ka taɓa yadda kake so, ba mai yagewa. Ko shayi ka zubar, tsumma kawai za a sa. Ka ga yadda suke ƙyalli kuwa? Raymond har gefunan ya gyara."

Ya ɗora ta a cinya. Tafin hannunsa na kan fostar, yana shafawa daga sama zuwa ƙasa, ko zai dace da wani ɗan tudu. Babu. Ta ƙasanta ma haka, da ta ƙasan wannan. Bai san ko Mai Tagulla ne a hannunsa ko Uwar Kunamu ba.

Ya ji tsayuwarta a bayansa, tana jira. Ya san ba mota gare ta ba, ya san ciwon gwiwarta, ya san matar da ta yi shekaru tana kiran abin nan aljanu ba za ta yi wannan wahala don kanta ba.

"Sannu da ƙoƙari," ya ce. "Kin sha aiki. Allah ya yi miki albarka."

"Amin. Ka ji daɗi dai?"

"Kawo gwaten nan kada ya huce."

Ya mayar da durowar ya rufe.

Asabar ta zo bai wanke hannu ba. Ya sa ta ja masa kujera bakin taga, ya zauna yana sauraron jirgi. Ta ce ba zai duba yaransa ba? Ya ce yatsunsa na ciwo, sanyi ne. Asabar ta gaba ya ce barci yake ji. A zaune a wurin yakan gwada kiran hotunan a kansa ba tare da takarda ba. Wasu suna zuwa. Wasu sai rabi, ya ga jarumin ya rasa abin da ke bayansa, ko ya ga gada ya rasa wa ke karya ta. Da can hannu ne ke riƙe masa bakin zaren. Talatu ta ɗauka baƙin cikin idon ne, ta ƙara yawan addu'a, ta roƙi matan zumunta su sa shi a tasu.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci Debbie ta biyo su gida. Ta ga mahaifinta ya rame, ta ce bari ta ɗauko masa fosta ɗaya ko zai sake. Ta ja durowa. Abin da ya fara fita daga bakinta Turanci ne, da ƙarfi. Sannan ta juya Hausa, wadda ba ta cika yi ba sai magana ta kai magana.

"Mama! Wa ya yi wannan?"

"Ni na sa aka yi. Ba kyau?"

"Debbie," in ji Dachung daga bakin taga, "rufe durowar nan ki zo ki zauna."

"Baba, ba ka gaya mata ba?"

"Na ce ki zo ki zauna."

"Gaya mini me?" Talatu ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Ku yi mini magana mana. Sun lalace ne?"

"Mama, da hannu yake ganinsu. Ninkin nan, da ramukan, da yagewar, da su yake gane kowace. Shi ya sa yake rufe ido yana taɓawa. Yanzu duk sun zama ɗaya. Kuma wannan robar ba ta fita."

"Ya isa, Debbie. Uwarki ce."

Talatu ta dubi mijinta. "Baban Debbie, gaskiya ne?"

Ya juya fuskarsa wajen taga.

"Kuma ka ce Allah ya yi mini albarka?"

"Har yanzu ina cewa."

Ta koma kicin. Suka ji ta kashe murhu, ba su ƙara jin motsinta ba. Debbie ta bi ta, ta dawo, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinta kamar tana yarinya. Ranar ba wanda ya ci abincin Lahadi.

Washegari da hantsi Dachung yana bakin taga ya ji warin dutsen guga, ya ɗauka rigar aikinta take gogewa. Sai ya ji warin ya sauya, ya zama na roba mai zafi. Kafin ya yi magana ya ji wata ƙara doguwa, kamar ana ɓare bawon rake, sannan Talatu ta ce, "Wayyo Yesu."

"Maman Debbie, me kike yi?"

"Na ce zafi ne ya manna ta, zafi zai sake ta. Na sa zani a kai na goga, na ja a hankali. Wallahi a hankali na ja. Fuskar mutumin ta biyo robar."

"Kashe dutsen. Kawo mini."

Ta kawo ta ɗora masa a cinya. Ya lalubo inda robar ta ɗage, ya sa yatsa a ƙarƙashi. Takarda ce, amma ba wadda ya sani ba. Ta rabe biyu, saman ya tafi, abin da ya rage ɓurɗi-ɓurɗi ne kamar auduga. Ya daɗe da yatsa a wurin.

"Kada ki ƙara taɓa ko ɗaya da wuta," ya ce a hankali. "Wacce ce wannan?"

"Ina zan sani? Ban san sunayensu ba."

"Faɗa mini abin da kike gani."

Ta share fuska da gefen zani, ta sunkuya. Karo na farko ke nan da ta tsaya ta kalli ɗaya daga sama har ƙasa.

"Akwai ƙadangare."

"Duk akwai ƙadangare a wurinki. Me ke bayansa?"

"Wani dogon abu kamar bututu, ja da fari. Biyu ne. Ga baƙin abu ya cika sama."

"Mutanen ƙasa ta ina suke gudu?"

"Ta hagu. Akwai wata mace da yaro a hannu, takalminta ɗaya ya cire."

"Sarkin Hayaƙi ne," ya ce. Ya jingina kai da kujera. "Ban taɓa lura da takalmin ba."

Ta fashe da kuka a nan, ta durƙusa ta kama gwiwarsa tana cewa ya yafe mata. Ya dafa kanta ya ce ba abin da ta yi sai abin da ta sani, kuma shi ne bai taɓa zaunar da ita ya nuna mata ba. Ta ce ko ya nuna mata da ba za ta saurara ba. Ya ce wannan kuma gaskiya ne. Ta yi wata 'yar dariya cikin kukan.

Yanzu ranar Asabar su biyu suke zama gaban durowar. Ya daina wanke hannu, don ba abin da hannu zai ɓata. Talatu ce ke ɗagowa ɗaya bayan ɗaya, ta sa tabarau, ta faɗi abin da take gani, shi kuma ya nemi sunan. Ba ta iya ba sosai. Takan fara da launin rubutu ko rigar wata mata a kusurwa, ta manta da dodon da ya cika rabin takardar, shuɗi da kore kuma duk ɗaya ne a bakinta. Da yawa yana gane su. Wasu sai sun yi gardama, ta ce ƙaho biyu ne, ya ce uku, ta ce to shi da ba ya gani ne zai gaya mata? Amma akwai waɗanda duk yadda ta kwatanta ba sa tashi a kansa, kuma suna ƙaruwa.

Asabar ɗin da ta wuce ta ɗago wata ta ce akwai teku, da jirgin ruwa ya karkace, da wani ƙato tsaye cikin ruwa har gwiwa ya ɗaga hannu ɗaya. Ya ce ta sake faɗa. Ta sake, ta ƙara da cewa akwai tsuntsaye farare a sama. Ya miƙa hannu ta ɗora masa, ya bi gefen robar da yatsa har ya zagayo inda ya fara.

"Ban san shi ba," ya ce. "Ajiye. Ɗauko na gaba."